HDL ɗina ya yi ƙasa, kuma bugun zuciya ne ajalin mahaifina

Assalamu alaikum Likita. Shekarata 44. An yi mini gwajin jini, sakamako ya nuna jimillar kolestarol 204, LDL 128, HDL 34, TG 210. Wanda ya miƙo mini takardar ya ja layi a ƙarƙashin HDL, ya ce shi ne mai kyan, kuma nawa ya yi ƙasa sosai. Mahaifina ya rasu yana da shekara 52 sakamakon bugun zuciya, don haka tun ranar da na karɓi takardar barci ya gagare ni. Ba na jin ciwon komai. Aikina na zama ne, na ajiye teɓa, kuma ba zan ɓoye maka ba, ina shan taba kara uku zuwa huɗu a rana. Na ga ana tallar ƙwayoyin nayasin a intanet, wai suna ɗaga HDL. In saya? Ko akwai abin da ya fi su saurin ɗaga shi?

Mai damuwa

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya kai rahama kabarinsa. Na san abin da ke hana ka barci ya wuce lamba 34. Kana ganin shekarunka suna matsowa kusa da shekarun da ya rasu, sai kuma ga takarda an ja mata layi da biro. Duk wanda ya tsinci kansa a haka dole hankalinsa ya tashi, kuma na ji daɗi da ka rubuto maimakon ka yi shiru kana ta saƙe-saƙe kai kaɗai.

Kada ka sayi nayasin ɗin nan. Tambayarka ta biyu kuma sai ka yi haƙuri da ni mu ɗan yi nisa, domin ina so in ɗauke idonka daga wannan layin da aka ja, in kai shi inda ya fi cancanta a cikin takardar taka da kuma wasiƙarka.

Kolestarol abu ne mai maiƙo, jini kuwa ruwa ne, ba sa haɗuwa. Saboda haka jiki yana naɗe shi cikin wasu 'yan mitsi-mitsin ƙullaye masu furotin, su ke yawo da shi cikin jini. Cikin waɗannan ƙullaye, nau'in da ake kira LDL ne ke ɗauke da mafi yawansa. Idan LDL ya yi yawa yakan kutsa cikin bangon jijiyoyin jini ya maƙale, yana taruwa shekara da shekaru ba tare da mutum ya ji komai ba, har wata rana tarin ya tsage, jini ya daskare a wurin, jijiyar da ke shayar da zuciya ta toshe. Wannan shi ne bugun zuciya. Idan abin ya faru a jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, sai a samu shanyewar ɓarin jiki. Shi kuwa HDL, hanta da hanji ke ƙera shi, kuma cikin ayyukansa akwai kwaso rarar kolestarol daga sassan jiki, har da bangon jijiyoyi, ya mayar wa hanta, ita kuma ta fitar da shi ta ruwan maɗaciya. Likitoci na cewa ya yi ƙasa idan bai kai 40 mg/dL ba ga namiji, ko 50 ga mace. Inda ake rubuta sakamako da mmol/L, wannan ya yi daidai da kusan 1.0 da 1.3. To, naka 34 ya yi ƙasa, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba.

Kuma sunan da HDL ya yi ba a banza ya same shi ba. A shekarar 1948 aka fara bin lafiyar mutum fiye da 5,000 a garin Framingham na Amurka, ana duba su lokaci-lokaci don a gano me ke jawo ciwon zuciya. A 1977 masu wannan bincike suka fitar da rahoton cewa waɗanda HDL ɗinsu ke ƙasa sun fi kamuwa da ciwon jijiyoyin zuciya. Bincike a wasu ƙasashe ya sake nuna haka. Sai kowa ya ɗauka an gano bakin zaren: tunda ƙarancinsa na tafiya tare da ciwo, ai in aka samo maganin da zai ɗaga shi, an gama.

An samo magungunan, an gwada su a kan dubban mutane, kuma abin da ya fito shi ne dalilin da ya sa na ce ka bar kuɗinka a aljihu. Kamfanin Pfizer ya ƙera wani magani mai suna torcetrapib, aka gwada shi a kan mutum kusan 15,000. Ya ɗaga HDL da fiye da kashi 70 cikin ɗari, amma a watan Disamba na 2006 aka dakatar da gwajin da gaggawa, saboda masu shan sa sun fi mutuwa. An ce to wataƙila laifin wannan maganin ne shi kaɗai, tunda an ga yana ƙara hawan jini. Sai aka gwada 'yan'uwansa. Dalcetrapib aka dakatar da shi a 2012, bai rage bugun zuciya ba. Evacetrapib ya ninka HDL fiye da sau biyu, shi ma aka tsayar da gwajinsa a 2015 don bai tsinana komai ba. Nayasin ɗin da kake magana, wato bitamin B3 da ake sha da yawa a matsayin magani, shi ma an yi masa manyan gwaje-gwaje biyu a kan masu ciwon jijiyoyi da suke riga suna shan maganin rage LDL. Na farko, a Amurka da Kanada, an tsayar da shi a 2011 saboda babu amfanin da aka gani. Na biyu ya ƙunshi mutum fiye da 25,000 a Birtaniya da Sin da ƙasashen arewacin Turai, aka buga sakamakonsa a 2014: HDL ya tashi, bugun zuciya bai ragu yadda ake fata ba, sai ma ƙarin matsaloli, kamar rikicewar suga, zubar jini, kamuwa da cututtuka da ciwon tsoka. Ga kuma zafin fuska da ƙaiƙayi da yake sa wa, kuma shan sa da yawa na iya taɓa hanta. Mutum irinka, wanda nake zargin sugansa ma na bukatar a duba, shi ne na ƙarshe da zan so ya sha wannan abu ba tare da likita ya sani ba.

A 2012 kuma wasu masu bincike suka biyo ta hanyar gado. Suka duba mutanen da aka haifa da wani bambanci a ƙwayoyin halittarsu wanda ke sa HDL ɗinsu ya kasance sama tun suna yara. In da yawan HDL da kansa ne ke kare zuciya, da waɗannan sun fi kowa tsira. Ba a ga haka ba. Amma da aka yi irin wannan duba ga LDL, sai ga shi ɓaro-ɓaro: wanda ya gaji LDL mai yawa ya fi kamuwa da bugun zuciya, wanda ya gaji kaɗan ya fi tsira. Akwai ma wasu iyalai a ƙauyen Limone na ƙasar Italiya da aka gano tun wajajen 1980, HDL ɗinsu ƙasa yake ƙwarai, amma jijiyoyinsu ba su lalace kamar yadda aka zata ba. A ɗaya gefen, binciken da aka yi a Denmak ya nuna a 2017 cewa masu HDL da ya wuce kima ma ba su fi kowa tsawon rai ba. Ɗaya daga cikin dalilan wannan ruɗani shi ne gwajin da ake yi mana yana auna yawan kolestarol ɗin da HDL ke ɗauke da shi ne kawai, ba ya auna yadda yake gudanar da aikinsa.

Akwai wani bincike da zan ambata maka, amma ina roƙonka kada ka mai da shi hujjar sakin jiki. A 2022 aka buga sakamakon bin lafiyar Amurkawa kusan 24,000 na tsawon kimanin shekara goma. An ga ƙarancin HDL yana hasashen ciwon zuciya a tsakanin fararen fata, amma bai yi hakan ba a tsakanin baƙaƙen fata, alhali yawan LDL da na TG, wato maiƙon da ke yawo cikin jini, sun nuna haɗari ga kowa. Bincike ɗaya ne a ƙasa ɗaya, ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai. Abin da ya ƙara nunawa dai shi ne wannan lamba ba ta kai a ɗora mata duk nauyin da ake ɗora mata ba.

Kada ka fahimce ni a baibai. Ban ce 34 ɗin nan ba ta da ma'ana ba. Tana da ita sosai, domin a mafi yawan mutane HDL ba ya faɗuwa haka kawai, wani abu ne ke danne shi, kuma wannan abin shi ne ke cutar da zuciya. Wanda ya dage sai ya ɗaga lambar da ƙwaya, ya ƙyale abin da ya danne ta, ya bar jaki yana dukan taiki. A wasiƙarka kuwa ka lissafa mini masu laifin da hannunka, tun kafin in tambaya.

Dubi TG ɗinka, wato tiraigiliserid, maiƙon da ke yawo cikin jini. Ana so ya kasance ƙasa da 150, naka 210. Shi da HDL kusan kullum tare suke tafiya, in wannan ya hau wancan ya sauka. Yadda abin ke faruwa shi ne, idan kitse ya taru a ciki, musamman wanda ke kewaye da hanji da hanta, jiki yakan daina jin maganar sinadarin insulin yadda ya kamata. Sai hanta ta riƙa tura ƙullayen maiƙo da yawa cikin jini. Waɗannan sai su yi musaya da HDL, su ba shi maiƙo su karɓe kolestarol ɗinsa, ya ƙanƙance, jiki ya yi saurin fitar da shi. Saboda haka idan na ga namiji mai teɓa, aikinsa na zama, TG sama, HDL ƙasa, abin da ke fara zuwa mini a rai shi ne ciwon suga na iya kasancewa a hanya, ko ma ya riga ya iso ba a sani ba. Likitoci na lura da abubuwa biyar da ke yawan haɗuwa a jikin mutum ɗaya: faɗin ƙugu, TG daga 150 zuwa sama, ƙarancin HDL, awon jini daga 130/85 zuwa sama, da sugan safe daga 100 zuwa sama. Wanda ya haɗa uku ya shiga rukunin da haɗarin suga da ciwon zuciya ya ƙaru. Kana da biyu a rubuce, na uku kuma kai da kanka ka faɗe shi. Sauran biyun ba ka ambace su ba, kuma su na fi ƙagara in ji.

Akwai kuma lambar da ba a rubuta maka ba, amma za ka iya fitar da ita da kanka. Cire HDL daga jimillar kolestarol: 204 a debe 34, saura 170. Wannan shi ne jimillar kolestarol ɗin da ke cikin duk ƙullayen da ke iya maƙalewa a jijiya, LDL da 'yan'uwansa. Ga yawancin mutane ana so ya kasance ƙasa da 130. Ga mai TG sama irinka, wannan lissafi ya fi LDL kaɗai faɗin gaskiya. In da ni ne na miƙa maka takardar, a nan zan ja layi.

Sai taba. Na gode da ba ka ɓoye ba, kuma zan yi maka magana kai tsaye saboda ina so ka daɗe. A duk abin da ka rubuto, babu wanda ya kai ta haɗari, babu kuma wanda gyara shi zai fi saurin amfanar ka. Taba na rage HDL, amma wannan shi ne mafi ƙanƙantar ɓarnarta. Tana raunata fatar cikin jijiyoyi, tana sa jini saurin daskarewa, tana ƙara bugawar zuciya da awon jini. Mutane da yawa na ɗauka kara uku ko huɗu ba komai ba ne in aka kwatanta da mai shan kwali guda. Zuciya ba haka take lissafi ba. Wani babban nazari da aka buga a 2018, wanda ya tattara bincike fiye da ɗari, ya nuna mai shan kara ɗaya tak a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin ciwon zuciya na mai shan kara ashirin. Ragewa ba ta wadatar, sai dai bari gaba ɗaya. Labari mai daɗi shi ne jiki na saurin farfaɗowa: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shekara ɗaya bayan bari, haɗarin ciwon jijiyoyin zuciya na komawa kusan rabin na mai sha. HDL ma yakan fara tashi cikin 'yan makonni. Na san bari ba wasa ba ne, kuma ba rashin zuciya ke sa mutane su koma ba, nikotin ne ke riƙe su. Ka nemi taimakon likita. Akwai cingam da abin mannawa a fata masu nikotin, akwai kuma ƙwayoyi da ake rubutawa, kuma wanda ya haɗa magani da shawarar ma'aikacin lafiya ya fi samun nasara a kan wanda ya ce zai bari da ƙarfin hali kawai. Ka sa rana, ka faɗa wa wani na kusa da kai. Idan ka zame ka sha, washegari ka sake farawa.

Game da motsa jiki, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ke so ga babba shi ne minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, kamar tafiya da sauri har numfashi ya ɗan ɗaga amma kana iya magana. Minti 30 sau biyar a mako ya cika mafi ƙarancin. A wurin aiki kuma kada ka yi awa biyu cur a kan kujera, ka riƙa miƙewa. Zan gaya maka tun yanzu don kada gwiwarka ta yi sanyi: motsa jiki na ɗaga HDL ne da ɗan kaɗan, sau da yawa maki biyu ko uku. Amfaninsa na gaske yana wajen sauke TG da suga da awon jini. Haka rage ƙiba. Ka samu awon tela ka auna cikinka a tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, ana so kada ya kai rabin tsawonka. Mai tsawon santimita 170, cikinsa ya kasance ƙasa da 85. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin jiki ya isa a ga canji a TG. A lokacin da mutum ke cikin ramewa HDL kan ɗan ƙara sauka kafin ya tashi idan nauyi ya daidaita, kada hakan ya firgita ka.

Abinci ba zan tsawaita ba. Mai TG sama ya fara da rage sukari, musamman abubuwan sha masu zaƙi, da abincin da aka yi da farin gari. Ya rage kitsen nama da soye-soye, ya ƙara kayan lambu, wake, hatsin da ba a cire masa dusa ba, da kifi. Za ka iya cin karo da masu cewa barasa na ɗaga HDL. Tana ɗagawa, amma tana ɗaga TG da awon jini tare, kuma babu likitan kirki da zai ba ka ita a matsayin magani.

Yanzu ga abin da nake so ka yi cikin makonni biyu masu zuwa. Ka je ka ga likita da takardar nan a hannu, kuma kafin komai ka faɗa masa mahaifinka ya rasu da bugun zuciya yana da 52. Idan uba ko ɗan'uwa namiji ya kamu kafin 55, ko uwa ko 'yar'uwa kafin 65, wannan na canza yadda ake auna haɗarin mutum. A auna maka awon jini, ba sau ɗaya ba. A yi maka gwajin suga, ko na safe kafin ka ci komai, ko HbA1c mai nuna matsakaicin sugan wata biyu zuwa uku, daga 5.7 zuwa 6.4 gargaɗi ne, daga 6.5 ciwon ya shigo. A maimaita gwajin kolestarol bayan ka kwana ba ka ci komai ba, domin abinci na ɗaga TG, kuma idan an yi na farkon kana cikin zazzaɓi ko wani ciwo, wannan ma na sauke HDL na ɗan lokaci. Ka faɗa masa duk abin da kake sha, domin wasu magungunan hawan jini na ɗan rage HDL, allurai da ƙwayoyin gina ƙwanji kuwa suna durƙusar da shi sosai. Ka tambaye shi kuma ko akwai halin yin gwajin Lp(a). Wani nau'in ƙulli ne da ake gada, sau ɗaya ake auna shi a rayuwa, kuma yana da amfani ga wanda ciwon zuciya ya zo wa danginsa da wuri.

Da waɗannan likita zai lissafa haɗarinka gaba ɗaya, sannan ku zauna ku yanke shawara ko kana bukatar maganin rage LDL, irin waɗanda ake kira statin. Ba zan yanke maka wannan daga nesa ba. Amma idan ya ba ka shawarar sha, kada ka ƙi don wai ba ya ɗaga HDL sosai. Ba don haka ake shan sa ba. Gwaje-gwaje a kan mutum fiye da dubu ɗari sun nuna duk rage LDL da kusan 39 mg/dL na rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin biyar, kuma wannan amfani na samun masu ƙarancin HDL kamar yadda yake samun kowa. Wasu na jin ciwon tsoka da shi, kuma akan magance hakan da canza nau'i ko rage adadi. Asfirin kuwa kada ka fara sha da kanka don rigakafi, yana iya jawo zubar jini a ciki.

Ka ce ba ka jin ciwon komai, alhamdulillahi. Duk da haka ka san alamomin, ka kuma sanar da mutanen gidanka: nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji, wanda kan iya tafiya hannu ko wuya ko muƙamuƙi ko baya, tare da zufa, tashin zuciya ko ɗaukewar numfashi. Idan ya wuce 'yan mintuna, asibiti za a nufa nan take, ba a jira gari ya waye, kuma kada ka tuƙa kanka. Idan kuma ka lura ƙirjinka na matsewa duk sanda ka hau bene ko ka yi sauri, yana lafawa in ka tsaya, ka ga likita kafin ka fara shirin motsa jikin da na ambata.

Bayan wata uku da fara gyara, a sake gwaji. Mai yiwuwa HDL ya koma 37 ko 38, mai yiwuwa ya tsaya kusa da inda yake, domin gado na da babban hannu a cikinsa, kuma wasu ko me suka yi ba zai kai 40 ba. Idan taba ta tafi, ciki ya ragu, TG ya sauka, 170 ɗin nan ta nufi 130, awon jini da suga suna daidai, to haɗarinka ya ragu ƙwarai ko da HDL bai motsa ba. Rashin barcin kuma in ya ci gaba bayan ka ga likita, ka faɗa masa shi ma, kada ka bar shi a cikinka.

Idan kana da 'yan'uwa da kuke uba ɗaya, maza ko mata, ka kira su ka ce su je a auna musu kolestarol da suga da awon jini. Tarihin mahaifinku ya shafe su kamar yadda ya shafe ka, kuma wataƙila cikinsu akwai wanda bai taɓa yin gwajin ba.